Batirin Rikodar Tsoho Bube

"Lafiya lau, angona. Ashe kana da sauran rai?"

Ni'imatu ke nan, jikar tsoho Bube, malamar firamare a Tambuwal, tana sauke jaka tsakar gidanai na Fakku da hantsi. Bube yac ce rai kam yana nan daram, ko da yake tun da yab biya sadakinta da goro guda bai taɓa ganin tuwonta ba. Tac ce tuwonta na masu haƙori ne.

Abin da yak kawo ta dai ba wasa ba ne. Shekarun nan da kuɗin mai sunka cika kasuwa da kaya, ubanta Maccido ya sayo ma iyayenai rikoda, don su riƙa aiko mai da magana a kaset. Da Dada, matar Bube, tar rasu bara, Maccido yas so maido tsohon Tambuwal. Bube yaƙ ƙi ƙememe. Sai sunka shirya: duk ranar kasuwa shi yi magana a kaset, direba Ɗangiwa shi kai, shi kawo amsa. Muddin muryar na lafiya, a bar shi ɗakinai. To kaset ɗin makon jiya shi yat ta da hankalin Maccido, har yac ce a kwaso tsohon yau, motar Ɗangiwa na biyowa da la'asar.

"Naɗe tabarmarka, tsoho. Baba yac ce muryarka ta koma ta ɗan tsako, kalma na hawan kalma."

"Ni da nika kiran salla Fakku a amsa Kebbe? Ubanki dai ka ciwo kuna ɓoye min. Kwana fuɗu ko fura ba ta wuce min."

Yaj jawo rikodar yad danna. Muryar Maccido taf fito a ja a ja, kamar sa na nishi cikin rijiya. Ni'imatu tay yi dariya har da dafa bango, don ta baro ubanta da safe yana neman ƙarin koko. Tab buɗe bayan rikodar, sai ga batir fuɗu duk sun lotse, an bubbuge su da dutse, an shanya su rana har takardarsu ta koɗe. Tag gaya mai batir in ya mutu a hankali shika jan zaren, shi ya sa abin da shika ji ke jan ƙafa, abin da yan naɗa kuma in an sa shi rikoda mai lafiya sai shi zuba da gudu.

"Amma sati biyu ke nan da anka aiko ma sabbi. Mi kaka yi da su, miya?"

"Akuyoyina ka sauraren labarun duniya."

"Ƙarya da furfura, angona? Ka ji kunya."

Tana faɗi tana hangen aljihunai, inda bakin wani kallabi yal leƙo. Ta san kallabin, na Dada ne. Bube yaf fiddo shi yak kwance, wani tsohon kaset ne ciki. Yac ce ranar da anka kawo rikodar, yana gwada gaisuwa, Dada na tsaye bayanai tana kiran kajinta, tana ce mai ya girma yana hira da akwati. Duk ya shiga zaren. Bayan kowace salla shikan kunna, sau biyar a yini.

Ni'imatu tas sassauta murya. Tac ce ai Tambuwal akwai lantarki, sai shi ji Dada yini guda ba ruwanai da batir.

"Can in ta yi kira, wa za shi amsa mata?"

Ba ta gane ba. Tal laluba jakarta, taf fiddo batir fuɗu sabbi da tas sayo ma rediyonta, taz zuba, tas sa kaset ɗin. Muryar Dada tat tashi tas, tana kira. Sai ga kaji daga ƙarƙashin rumbu, daga bayan danga, suna rugowa, sunka taru gaban rikodar suna ɗaga wuya. Bube yaɗ ɗebi gero cikin ƙwarya yaw watsa musu, bai dubi jikatai ba.

Ta daɗe tana gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

"Ka ci, tsoho. Gyara zama ka yi ma Baba magana da muryar nan taka mai kai Kebbe, sauran ni za ni faɗa mai da bakina. Batir kuma duk kasuwa Ɗangiwa shi kawo ma. Waɗanga fuɗun sadakinka ne nim maido, ka sake ni."

"Goro nib biya, goro za a maido min. Kina nan matata."

Da la'asar motar Ɗangiwa tat tsaya bakin zaure. Taɗ ɗauki Ni'imatu da kaset guda, tabarmar Bube na shimfiɗe inda take.