Hancin Sarkin Burushi

Daga Sabon Birni har ka dangana da iyakar Nijar, babu hannu mai albarka irin na Malam Jamaluddeen, Sarkin Burushi. Ba wanda ya naɗa shi sarautar, shi ne ya tausaya wa jama'a ya naɗa kansa don ya rage musu wahala. Ba wanda ya koya masa zane kuma, wallahi ana ganin haka a aikin. Da gawayi ya fara a katangar maƙwabta, ya koma bayan motocin da ke zuwa garin Isa, daga nan Allah ya ɗaga shi zuwa bangon kaset. Yau kaset ya mutu, waƙa ta shige waya, amma har gobe mawaƙi bai cika mawaƙi ba sai Sarkin Burushi ya zana masa bango, an buga, an manna a rumfunan masu tura waƙa.

Allah ya ba shi wata baiwa da ba a taɓa ba kowa ba. Ko wa ya zauna gabansa, dogo ko gajere, in an gama sai hoton ya fito da fuskar Jamaluddeen. Ga hancin nan mai faɗi kamar an zauna a kai, ga wushirya, ga tsagen Gobirawa reras a kumatu. 'Yan hassada sun ce laifin madubin da ke jingine kusa da allonsa ne. Shi kuwa ya ce madubin na jawo haske ne, kuma mun yarda.

"Idona ba shi ƙarya," in ji shi, yana kaɗa burushi sama. "Randa wani yac ce zanena bai yi kama ba, ran nan za ni aje burushi in koma noman gero!"

Hajiya Khadijatu mai waƙar biki ta kusa sa shi ya cika alkawari. Da ta ga bangonta, da ɗankwali da sarƙa da hancin Jamaluddeen a tsakiya, sai da ta yi salati. Ya dube ta da tausayi ya ce abin da ke cikin zuciyarta ya zana, ba abin da ke waje ba. Ta tafi tana shafa hancinta, tana kokwanto.

Wani sirrin gwanintarsa shi ne ba ya sauraron waƙar da zai yi wa bango. A cewarsa kunne na talakawa ne, ido na manya.

Ana nan sai ga Ɗanmusa mai gurmi daga Kurawa, ɗan firit, hancinsa kamar ƙwayar wake, kumatunsa sumul babu tsage. Sarkin Burushi ya ɗora shi bisa zaki, gurmi a hannu, jirgin sama na wucewa ta kansa, fuskar kuwa kun san ta wa ce. Ɗanmusa ya daɗe yana kallo, sannan murmushi ya kufce masa.

"Malam, kak ka taɓa komi. Hakanan nika so."

Jamaluddeen ya ji daɗi har cikin ransa. Yau dai ga mutum mai ido!

Waƙar ta kama kamar wutar kara. Ko'ina ita, ko'ina hoton. Mutane suka fara tare Jamaluddeen a hanya suna cewa "Sannu Ɗanmusa!", shi kuwa, da yake mutum ne mai kawaici, bai taɓa ƙaryata kowa ba. Mai shayi ya ƙara masa madara, direba ya ba shi gidan gaba. Ran kasuwar Isa Jamaluddeen ya zuba babbar riga, ya kafa hula, ya tafi girbin gaisuwa. Ya samu rumfar da aka manna hoton mafi girma, ya tsaya daidai ƙarƙashinsa, ya juya gefen fuskarsa don kada a wahala wajen kwatantawa.

Abin da bai sani ba, tunda kunne na talakawa ne, waƙar daga farko har ƙarshe zambo ce ga Maliki, ɗan damben da ake wa laƙabi da Guduma. A waƙar an ce ya ga abokin karawa ya zura da gudu, har ya bar layunsa a fage. Makonni Maliki yana yawo da hoton a aljihu, yana neman mawaƙin.

Jama'a suka dare. Inuwa ta rufe Sarkin Burushi. Maliki ya dubi bango, ya dubi mutum, ya sake duban bango, yana naɗe hannun riga.

"Kai na Ɗanmusa."

"Ba ni na ba! Ni mai zane na!"

"Ga hancinka nan. Ga tsagenka. Har wushirya."

Nan fa Jamaluddeen ya auna sarauta a hannu ɗaya, haƙora a ɗaya, ya ga haƙora sun fi nauyi. Muryarsa ta koma ta ɗan akuya.

"Ranka shi daɗe, wanga hoto bai yi kama da Ɗanmusa ba ko kaɗan! Wanda yaz zana shi bai iya komi ba. Ko wa aka kawo mai, kanshi yaka zanawa!"

"To wa az zana?"

"Ni na," in ji shi, a hankali.

Maliki ya sa shi ya maimaita da ƙarfi don na bayan kasuwa su ji, kuma ya maimaita. Dariya ta ɓarke har masu awon gero suka bar mudu. Shi kansa Guduma ya kasa riƙe ta, ya ƙyale shi, ya juya ga wani ɗan firit da ke zaune a benci yana cin tsire, ya tambaye shi ko ya san kamannin Ɗanmusan nan.

Ɗan firit ɗin ya lashe yatsa, ya ɗaga kai ya ƙare wa hoton kallo, ya gyara buhun da ya naɗe gurminsa a ciki.

"Wallahi ban taɓa ganinai ba. Amma shi wanga Malam, ku taimaka mai da hauya, damana ta kusa."