Ina Ƙugun Tela Bamalli Yake?

"Lafiya lau, sai godiya. Ya ƙarfin jiki, ya tsufa?"

"Tsufa yana ɗakin ubanki. Me kike ɓoyewa a baya kamar ɓarauniyar kaza?"

Rabi'a ta tuntsire da dariya. Kakanta ne, Malam Bamalli, tsohon telan da ya daɗe yana ɗinki a kasuwar Suleja har keken ɗinki ya lanƙwasa masa baya. Bana sunansa ya fito cikin maniyyata, gida ya cika da murna. Sai dai ɗansa Alhassan, mahaifin Rabi'a, ya dage sai an tura shi a keken marasa lafiya ranar jifa, shi kuwa tsoho ya rantse da ƙafarsa zai je. Rabi'a, wadda ke aiki a Abuja, take kuma hawan duwatsu da ƙawayenta ranakun hutu, ta san babbar matsalar ita ce tsohuwar jakarsa ta rataye da ke karkatar da shi gefe guda. Shi ya sa ta zo da sabuwar jakar goyo.

"Ga ta, angona. Da ita za ka je Makka."

Idanun tsoho suka yi haske, amma ya taɓe baki. "Wannan ai ta 'yan firamare ce. Kin haɗo min da fensir?"

"Gemu ba ya hana karatu. Tashi mu gwada, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ta shiga kicin ta kwaso doyar da aka kawo daga Maje, ta loda a ciki don jakar ta yi nauyi. Kafin ta juyo, tsoho ya fizge ya saɓa. Ya kamo ɗamarar nan mai soso da ke reto a gindin jakar, ya jawo ta can sama dab da ƙirji, ya ƙulle bakinta kamar mazagin wando.

"To, ga Alhaji!"

"Ga dai mai jego! Kaka, goyon wa ka ɗauko? Ɗamarar ƙugu ce, ba majanyi ba."

"Ke, ni za ki koya wa ƙugu? Rabin mazan garin nan, daga nan har Tafa, ni na auna musu ƙugu tun uwarki tana wasan ƙasa."

"Ka auna na kowa, ka manta inda ka ajiye naka."

"Abin da babba ya hango yana zaune..."

"Yaro ko ya hau rimi, na sani. Ni Dutsen Zuma nake hange kullum, ba rimi ba. Oya, taka mu gani."

Ya taka da ƙarfinsa. Bai kai bakin rijiya ba numfashi ya fara sarƙewa, igiyoyin kafaɗa suka nutse masa a wuya, jakar ta ja shi baya. Ya dafa bango, fuskarsa ta canza. Rabi'a ta ga hannunsa ya lallaba ya tafi gadon baya, ta kuma ga mahaifinta ya ɗaga labulen ɗakinsa yana kallo. Ta san in Alhassan ya yanke hukunci yanzu, an gama.

"Jiki magayi," in ji ta, tana murmushin ƙarfin hali. "Girman kai rawanin tsiya. Tsaya in nemo maka ƙugun."

"Ki nema a hankali, amanar kakarki ce."

Ta kwance ƙullin da ƙyar, ta sassauta igiyoyin kafaɗa duka biyu. "Sa hannunka a gefe, ka gangaro daga haƙarƙari. Ka ji wani ƙashi mai tudu?"

"Duk jikina ƙashi ne mai tudu. Wanne daga ciki?"

"Laifin wa? Mutum kamar sillen kara, iska ta taso sai an riƙe ka."

"Gara ni. Ke da kike hawan dutse kina saukowa, ba ki sayo ba, ba ki sayar ba. Ko awaki sai da dalili suke hawa."

"Abeg, Kaka, ƙashin!"

"Na same shi."

"Alhamdulillahi, an ga wata! To, tsakiyar soson nan a kan wannan ƙashin zai zauna, ya rungume shi ta kowane gefe. In ya hau ciki, zai hana ka numfashi. In ya zame ƙasa, zai riƙe maka cinya, ka riƙa tafiya kamar agwagwa."

Ta haɗa bakin maɓallin, ya ce ƙas. Ta ja igiyar hagu da ta dama a tare.

"Wayyo! Za ta kashe ni ta ci gado!"

"Gadon me? Almakashi da tsohon tef? Tura yatsanka tsakanin ɗamarar da jikinka. Ya shiga?"

"Ya shiga, da ƙyar."

"Haka ake so. Ta kama, amma ba ta shaƙe ba."

Sannan ta ɗan ja igiyoyin kafaɗa, daidai yadda jakar za ta kwanta a bayansa. Tsoho ya ɗaga kafaɗa ɗaya, ya ɗaga ɗayar. Ya waiga.

"Kin kwashe doyar."

"Ban taɓa ba."

"Ƙarya kike, 'yar Abuja! Wa ya ɗauke nauyin?"

"Ƙugunka. Tun da aka haife ka yake zaman banza, yau ya samu aiki."

Malam Bamalli ya taka, ya sake takawa. Ya zagaya rijiya, ya wuce turken akuya, ya dawo, kowane zagaye yana ƙara sauri, bayansa ya miƙe fiye da yadda Rabi'a ta daɗe ba ta gani ba. Sai ya ɗaga murya da Labbaika, matan gida suka fito suna guɗa.

"Alhassan!" ya ƙwala kira. "Fito ka gani! Keken nan naka, ka ajiye wa kanka!"

Alhassan ya fito yana girgiza kai, dariya na cin sa. "Baba, in ka je masallaci da ita ka dawo lafiya, na janye."

"Masallaci? Har garin Izom zan je in ka so!"

Rabi'a ta goge ƙwalla da bakin mayafi, ta ce, "To, tela, wa ya san ƙugu?"

Tsoho ya dube ta, ya yi dariya har da tari. Ya miƙa hannu ya ɗauko sandar dogarawarsa da ke jingine a bango, ya danƙa mata.

"Kin ci, ja'ira. Ungo, na ba ki kyauta. Yanzu ke ce tsohuwar gidan nan."

Ya juya ya nufi zaure, jaka ɗaram a ƙugu. Mahaifiyar Rabi'a ta biyo shi da wuƙa a hannu tana kira, "Baba, doyar! Ita za mu dafa da rana!"

"Ku dafa shinkafa," in ji shi daga waje. "Doya ta tafi aikin Hajji."