Ranar da Na Kai Allurar Motar Surukina Jan Layi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba. Ƙarfe huɗu da kwata ne na yamma, bayan an idar da La'asar, a ƙofar gidan surukina da ke Unguwar Mu'azu. Waɗanda abin ya faru a idonsu sun haɗa da surukin nawa, Baba Alhaji, da abokansa dattawa uku a kan tabarma, da matata, da 'yan biki mata cike da layi. Akwai kuma Oga Chidi, bakaniken Baba daga Kakuri, wanda aka gayyato cin shinkafa bai san aiki ne ke jiransa ba.

Ƙanwar matata ake aurarwa, za a kai ta wajen walima a Narayi. Tawa motar ƙarama ce mai kuloci, ba ta da sanyi, don haka aka ce a ɗauki amarya a ta Baba. Sai na ɗan yi bayani a kan wannan mota. Baba ya yi shekara talatin yana tuƙa manaja a wata masaƙa a Kakuri, bayan ya ajiye aiki ya sayi tasa, otomatik, ruwan toka. Da hannunsa yake wanke ta. Ko 'ya'yan cikinsa babu wanda ya taɓa zama a bayan sitiyarinta. Ranar nan baƙi sun riƙe shi, sai ya ce a kira masa babban surukinsa. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, sai ran nan na kai matsayin da za a miƙo mini makulli.

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.

"Malam, abu ɗaya," in ji shi. "Allurar nan ta hagu, mai nuna gudun injin, kada ta wuce uku. Tun da na sayi motar nan ba ta san hanyar huɗu ba."

Amsar wannan magana kalma biyu ce: "To, Baba." Da su na rayu a gidan nan lafiya tsawon shekarun nan, ina gaisuwa kaina a sunkuye, ba na cin abinci a gabansa. Amma a makon na kalli bidiyon motoci a waya har guda shida. Ga shi kuma aikina karanta labarai ne a rediyo, sana'ar da ke sa wa mutum wata cuta: duk abin da ya fito da muryarsa sai ya ɗauka an tabbatar da shi.

"Baba, ku gafarce ni," na ce, "amma ai yanzu an wuce nan."

Na ji kaina ina bayani da muryar labaran ƙarfe bakwai. Na ce otomatik tana da ƙwaƙwalwa. Na ce ita ke canza wa kanta giya kafin allura ta kai ja, in ma an matsa mata, ƙwaƙwalwar sai ta yanke mai, injin ba zai cutu ba. Na ƙara da cewa motar da ba a ba ta wuta lokaci-lokaci tara datti take yi a ciki (wato dai na sanar da tsohon direba, a gaban abokansa, cewa yana cutar da motarsa).

Baba Yohanna, wanda suka yi aikin masaƙa tare, ya gyara hularsa. "Alhaji, ashe shekara talatin ɗin nan a duhu ka yi su. To ga malami Allah ya kawo maka har gida."

Dattawa suka yi dariya. Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Oga Chidi ya ɗago daga farantinsa. "Oga rediyo, abeg. Motar nan tun safe ba a tashe ta ba. Ka bar mai ya zaga tukuna."

Na yi masa murmushin da nake yi wa masu bugo waya su kauce daga batun da ake tattaunawa. Matata ta leƙo daga zaure, ta ce, "Abban Ilham, don Allah ka shiga mota ka jira amarya." Na san wannan muryar sarai, na kuma san abin da ke biyo bayanta a gida. Duk da haka na ce bari in nuna musu, minti ɗaya.

Na shiga, na tayar, na sa ta a firi, na sauke gilashi don kowa ya amfana. Sannan na danne totur har ƙasa. Allura ta wuce uku, ta wuce huɗu, ta haye shida, ta shiga ja. Ƙarar ta cika layin, mata suka fito daga cikin gida da ludayi a hannu. Can sai injin ya fara wani tat-tat-tat, allura tana rawa a bakin jan layi ba ta wucewa.

"Kun ji ko?" na ƙwala ta taga. "Ƙwaƙwalwar ce ke yanke mai!"

Adalci ya sa in faɗa: a wannan gaɓar ni ke da gaskiya. Na yi kamar daƙiƙa huɗu ina da ita.

Daidai nan aka fito da amarya, guɗa ta tashi, wata gwaggo ta yi kira, "Direba, matso da mota mana!" Shekara ashirin ina tuƙa mota mai kuloci. Ƙafata ta hagu ta tafi inda ta saba, ta danna dandamalin mota da dukan ƙarfinta, inda babu komai sai kafet ɗin da Baba ya kakkaɓe da safe. Hannuna kuwa ya yarda da ƙafar, ya jawo giya zuwa D, wato giyar tafiya. Allura tana sama.

Ƙarar da ta biyo baya kamar an saki ƙofar ƙarfe daga saman bene. Motar ta zabura taki ɗaya, ta tsaya cak. Injin yana ci gaba da aiki lafiya lau, na taka totur a hankali, ko motsi. Mai guɗa ta tsaya a tsakiyar guɗarta. Sai ga jan mai yana malalowa daga ƙarƙashin mota, a nutse, ya nufi tabarmar dattawa. Baba Yohanna ya tattare bakin rigarsa ya matsa gefe.

Baba Alhaji ya tashi. Bai yi sauri ba. Ya zo ya zura hannu ta tagar da na sauke don wa'azi, ya kashe motar, ya zare makullin, ya sa a aljihu.

"Sannu, Malam," in ji shi. Ya koma ya zauna.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Oga Chidi ya ajiye farantinsa, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota da kayan bikinsa. Da ya fito sai ya yi jawabi ga jama'a, ba gare ni ba. "Injin lafiya ƙalau. Oga rediyo ya yi gaskiya, ƙwaƙwalwa ta yi aikinta. Giyabos ne ya tafi." Ya goge hannu. "Wasu sababbin motocin ba za su yarda a saka musu giya a haka ba. Wannan tsohuwa ce, mai biyayya. Abin da aka ce ta yi shi ta yi."

A ƙaramar motata marar sanyi aka kai amarya Narayi, kwalliyarta tana narkewa. Baba Yohanna ne ya tuƙa, kuma an shaida mini allura ba ta wuce biyu da rabi ba. Ni aka bar ni gadin gawa, cikin babbar riga da hula, ina jiran janwe. Duk matar da za ta wuce sai ta rage tafiya ta ce, "Sannu da bincike, Malam."

Yanzu in an tambaye ni ko akwai haɗari a kai otomatik jan layi, ina da amsa, kuma ba daga waya na samo ta ba. In injin ya ɗumama, mansa mai kyau ne, mota tana tafe a kan titi da giyarta, ita da kanta za ta kare kanta. Amma ƙwaƙwalwar da aka sa mata injin take tsaro, ba a ba ta aikin tsaron mutumin da ke neman a tafa masa ba. In kuma surukinka ya ce kada allura ta wuce uku, ba muhawara ya buɗe ba. Ka ce "To, Baba," ka rufe bakinka.

Motar ta yi kwana goma sha tara a garejin Oga Chidi. Har yau Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba. Bayan wata biyu, da za a kai shi ganin likitan ido, ya aiko a kira mu. Matata ya miƙa wa makulli. Ni a baya na zauna, riƙe da katin asibiti.