Tsokar da Aka Ce a Matse

Ku yaran yanzu ba ku da kunya. Mace ta yi tari ta jiƙa zane, sai ku haɗa ido kuna ƙunshe dariya. Ku zauna ku ji.

A garinmu an yi wani Jatau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa. Matarsa Dije, tun haihuwarta ta bakwai, in ta yi tari ko dariya sai fitsari ya zubo mata. Shafa, amaryar maƙwabcinsu, ta taɓa toshe hanci a gabanta a gidan suna. Daga ranar Dije ta daina shiga mutane.

Wata rana Jatau ya kai ta asibiti. Malamar asibiti ta ce ba sai an yi mata aiki ba, amma ta rage shayi. Da safe ya dafo mata tukunya guda.

"Malam, wannan fa?"

"An ce ki rage. In ba shi da yawa, me za ki rage?"

Wata rana suka koma, aka ce ta rage nauyi. Ya cire mata awarwaro da 'yan kunne, ya ƙwace tulunta, shi ya koma zuwa rijiya.

Wata rana malamar ta ce ta riƙa matse tsoka, ta ƙirga goma ta saki, safe da rana da yamma. Jatau ya sayo tsoka wajen mahauci.

"Ungo, matsa. Ni zan ƙirga."

Dije ta yi dariya har ta jiƙe, sannan ta yi kuka. Ita ta san tsokar ƙasan mara ake nufi, wadda ake riƙe fitsari da ita. Naman ya tafi miya, amma ƙirgar ta zauna. Wata uku Jatau bai tsallake ko sau ɗaya ba, har zanenta ya fara wuni a bushe.

Wata rana malamar ta ce, "Wannan ba abin ɓoyewa ba ne." Jatau ya tsaya bakin rijiya ya faɗa wa kowa, ciwon da maganin. Kwana biyu Dije ba ta yi masa magana ba. A na uku mata masu irin ciwon suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, har tabarma ta cika. Ta ƙarshe Shafa ce, da jariri a baya, tana kare zanenta da mayafi.

Dije ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ki. Ɗaga murya, ba na ji sosai."

Sai da Shafa ta faɗa, a gaban matan da ta toshe hanci a gabansu.

Dije ta matsa mata wuri. "Zauna. To, matse. Ɗaya."