Yadda Za Ka Sa Sabon Murhun Tururi Ya Ƙi Jin Maganar Kowa Sai Taka

Ka shekara talatin kana kula da wutar tukunyar tururi a filin haƙar man fetur na Prahova. Yau an kawo murhun gas mai kunna kansa, ana kuma rubuta sunayen waɗanda za a sallama. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ko da katafila ba mai fitar da kai. Abokin aikina, dattijo Nea Zamfir, ya gwada.

1. Raina shi a gaban jama'a
Ranar da aka kunna shi, kada ka tafa. Leƙa wutar ta 'yar tagar gilashi, ka ja tsaki. Da Injiniya Otilia ta ce allon na'ura ya nuna komai daidai, Zamfir cewa ya yi, "'Yata, allo ya taɓa ƙona gira? Shuɗin wutar nan na ƙarya ne."

2. Ƙirƙiro masa ciwo
Ɗora bakin sifana a kan bututu, gindinta a kunnenka, ka lumshe ido. Ka ce murhu na tari. Injiniya tana musu da lamba, amma ba a koya mata musu da tari ba.

3. Warkar da shi
Nemi tsohon famfon da bai haɗu da komai ba. Kowace tashar tururi tana da irinsa tun zamanin gurguzu. Kullum da safe murɗa shi rabi, ƙwanƙwasa sau uku. Tururi zai gangara rijiyar mai ya sassauta man nan mai kauri, kamar yadda dama zai yi. Kai dai share gumi.

4. Kada ka koya wa kowa
Horia, mai canjin Zamfir a aiki, ya ce, "Nea, nuna min mana." Zamfir ya ce, "Kai da ko tuwon masara ƙona shi kake yi? Matsa can."

5. Sha romon wahalarka
Takardar sallama ta fito, babu sunan Zamfir. Har ƙwalla ya yi don murna, ni ma na taya shi. Sai Otilia ta ce, "Nea Zamfir, na rubuta wa ofis kada a ƙara kunna murhun nan sai kana tsaye. Sun soke hutunka."
"Ranar Asabar fa ake bikin 'yata Ilinca!"
"To koya wa Horia, ka tafi."
Ya dubi famfon, ya dube ta, ya ce, "Ba ya koyuwa."
Ranar Asabar, sanye da kwat ɗin biki, ya murɗa famfo rabi, ya ƙwanƙwasa sau uku. Can wurin biki, kawun amarya ne ya yi rawar da uba ke yi da 'yarsa.

Gargaɗi: ba ruwan mai wannan rubutu da matar da ta daina gaishe ka, ko hoton bikin da babu kai a ciki. Aiki na yi maka alkawari, ga shi kuma ka samu, har Asabar da Lahadi.