Rasuwar Wayar Mushe Yusha'u a Reshen Gawo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ya ƙi hucewa, Mushe Yusha'u (Mushe laƙabin malamin boko ne a nan), malamin lissafi a wani ƙauye na karkarar Urafane, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Mai Haƙuri. Ta cika ranar da aka yi ruwan shuka, tana rataye a reshen gawo, tana bakin aiki.

Marigayiyar ba 'yar gayu ba ce. Fuskarta a tsage take, bayanta ɗaure da roba, caji kuwa sai ranar kasuwa. Amma ba ta taɓa ƙin aike ba. Ko yunwa ta ci ƙarfinta, iyakarta ta ce "tit, tit", ta yi shiru.

Ciwon ajalinta ya faro ne lokacin korona, da aka rufe lakwal, wato makarantun boko. Wasu manya da ke zaune cikin sanyin ofis suka aiko da umarni wai a koyar daga nesa, har suna tambaya ko malamai na da ƙwarin gwiwa. Ƙwarin gwiwa! A garin da rezo, wato sabis ɗin waya, bai san hanyar kowane gida ba, sai ƙwanƙolin gawo ɗaya a bayan gari. Ba su aiko da waya ba, ba su aiko da kiredin kira ba. Wanda bai ɗauki kaya ba ai bai san nauyinsa ba.

Duk da haka Mushe bai naɗe hannu ba, saboda Zubaida 'yar Tanna, wadda ta fi kowa kai a ajinsa. Iyayenta makiyaya ne, sun yi arewa da ita, kuma ubanta ya riga ya yanke: in ta faɗi jarrabawar bana, boko ya ƙare, sai kiwo. Don haka Mushe yakan karanta darasi da bakinsa a cikin wayar, ya sa ta a jaka, ya hau gawo ya rataye ta, ta wuni tana turawa zuwa wayar kawun yarinyar.

Ranan nan da hantsi ya rataye ta da amsar lissafin da Zubaida ta roƙa. Sai hadari ya haɗo. Wa ke tuna waya ran ruwan fari? Gari duka ya watse gona da iri a ƙwarya, har da Mushe, don shi ma da gero yake rufa wa albashinsa asiri. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake tuɓe ganye. Ko inuwar tsuntsu bai yi mata ba. Da ya dawo ya tarar da jakar cike da ruwa, saƙon bai tafi ba.

Ta rasu ta bar caja guda mai lanƙwasasshen baki, da katin sim marar amfani, da yarinya a daji tana jiran amsa.

Za a binne ta gobe bayan la'asar a gindin gawon. Ba za a yi zaman makoki ba, domin mai makokin zai ɗauki alli da ɗan allo ya bi sawun garken Tanna da ƙafa. Su kuma manyan ofis, kada su wahalar da motocinsu. Su yi tasu ta'aziyyar daga nesa, mu ga ko za ta iso.