Yadda Za Ka Burge Suruki Tsohon Direba Alhali Ba Ka San Cikin Mota Ba

Idan ka sayi mota bayan girbin shinkafa, kuma yarinyar da kake nema ɗiyar tsohon direba ce, kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawarin za a ba ka mata. An gwada su a kan yayana Abdulbaƙi na nan Gwandu, ina zaune a kujerar baya na ga komai. Shi Hafiza yake nema a Kalgo. Mahaifinta, Alhaji Muhammad Sani, shekara talatin yana jan babbar mota, kuma ya ce ba zai amsa maganar aure ba sai ya ga yadda yaron yake riƙon motarsa.

Mataki na 1: Wanke ta

Wanke ta da safe, wanke ta da la'asar. Goge tayoyi har su yi ƙyalli. Rataya turare da casbaha a madubi. Kada ka kuskura ka buɗe bonet, domin abin da ido bai gani ba bai lalace ba. Abdulbaƙi ya yi wata biyar da motarsa, bai taɓa yi mata juyen baƙin mai ba, amma duk unguwa ba motar da ta kai tasa ƙamshi.

Mataki na 2: Haddace kalmomi

Ba sai ka san ma'anarsu ba. Silinda huɗu. Giyar hannu. Lagireto. Fulogi. Ko me aka tambaye ka, jefa ɗaya ka gyaɗa kai. Idan aka ce iska nawa kake sa wa taya, tashi ka shure ta da ƙafa ka ce, "Ta ji." Littafin da ya zo da motar kuwa, fifita ake yi da shi lokacin zafi.

Mataki na 3: Kada ka tambayi bakanike

Tambaya tana rage girman mai mota. Kai da ka shekara goma kana tayar da injin ban-ruwa a fadama, wane inji ne zai gagare ka? Duk abin da ya yi zafi ruwa yake so. Shinkafa haka, albasa haka, ɗan Adam ma haka.

Mataki na 4: Idan jar fitila ta kama, karanta hoton

Ranar zuwa Kalgo, Abdulbaƙi ya sa farar shadda, ya cika but ɗin bayan motar da shinkafa da busasshen kifi. Saura kaɗan a shiga gari sai wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Ya tsaya a gefen hanya ya ƙura mata ido. Hoton wani abu ne mai marfi da dogon baki, ga ɗigo yana faɗowa daga bakin.

Sai ya yi murmushi. Buta ce. Masu ƙera mota ma sun san buta.

Ya buɗe bonet karon farko a rayuwarsa, ya duba ya duba, ya tarar da wani marfi mai irin wannan hoton a saman inji. Ya ɗauko butar alwalarsa, ya yi bismilla, ya tuttule mata rabi. Ya tsaya ya yi tunani, ya ga tafiya ce ta neman aure, ba a rowa, ya ƙara sauran.

Kai ma yi haka. Idan wani ya ce maka wannan hoton gwangwanin baƙin mai ne, fitilar kuma cewa take man inji ya yi ƙasa, hassada ce.

Mataki na 5: Shiga gari da ƙarfin hali

Motar za ta fara tari. Za ta yi ta fitar da farin hayaƙi ta salansa. Ƙara sautin rediyo, ɗaga wa mutane hannu. Haka Abdulbaƙi ya isa ƙofar gidan Alhaji, motar ta yi shaƙuwa sau biyu ta mutu da kanta. Ya zare makulli da sauri kamar shi ya kashe ta.

Mataki na 6: Amsa kowace tambaya

Bayan gaisuwa Alhaji ya tashi daga tabarmar da yake zaune da abokan hirarsa, ya zaga motar sau ɗaya bai ko kalli ƙyallin tayoyin ba.

"Audu, yaushe rabonka da yi mata juye?"

"Silinda huɗu ce, Baba."

"Madalla. Buɗe muna mu gani."

Alhaji ya zaro wani dogon ƙarfe siriri daga cikin inji, wanda Abdulbaƙi bai taɓa sanin yana nan ba. Maimakon baƙin mai, wani abu ne fari-fari mai kauri ya manne a jikinsa. Tsohon ya murza shi da yatsa, ya shinshina, ya ɗaga shi sama yadda abokan hirarsa za su gani.

"Jama'a, ku zo ku ga mota mai dama kunun gyaɗa. Audu, mi ka ba ta?"

"Ruwa ne kaɗan, Baba. Ita ta nema."

"Ita ta nema?"

"Buta ta nuna min."

Wani dattijo a kan tabarma ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Alhaji bai yi ba. Ya daɗe yana kallon injin kamar mai duba maras lafiya a asibiti. Zufa ta jiƙe bayan shaddar Abdulbaƙi, ya fara tunanin yadda zai koma Gwandu ba mota ba mata.

Mataki na 7: Yi shiru

Wannan shi ne mataki mafi wuya, don haka na bar shi ƙarshe. Ana cikin haka sai muryar Hafiza ta fito daga zaure.

"Baba, kada a sake tayar da ita. A tsiyaye duka, a canja filta, a wanke da sabon mai sau biyu. Wataƙila bai kai ga buga inji ba."

Abdulbaƙi ya buɗe baki zai ce lagireto. Allah ya taimake shi ya rufe.

Alhaji ya goge yatsunsa da tsumma, ya mayar da ƙarfen wurinsa a hankali.

"Je ka turo magabatanka," ya ce. "Na ba ka ɗiyata. Amma ka sani ba don kai ba. Baiwar Allahn nan nake tausayi, tana bukatar wanda zai kula da ita."

Motar yake dafawa lokacin da ya faɗi haka.

Gargaɗi

Ni ban ce ka zuba komai a ko'ina ba. Idan injinka ya buga, ko surukinka ba shi da tausayi, ko ɗiyarsa ita ma ba ta san komai ba kamar kai, kada ka zo gidanmu nemana. Za a ce maka ba na nan, kuma ni ce zan faɗa daga bayan ƙofa.